Wa zai tsaya maka? Yadda jami'o'in waje suka koma masu tsaron ƙofa

1/ Duk wanda ya nemi gurbin digiri na biyu a Birtaniya 'yan shekarun nan ya san zancen. Tun kafin ka kai ga ofishin biza, jami'ar da kanta za ta kira ka ta bidiyo ta tsare ka da tambayoyi. Me ya sa wannan kwas? Wa zai biya? In ka gama ina ka nufa? Wasu na ganin wulaƙanci ne kawai. Ni na bi tarihin abin. Zaren da tsawo, a gyara zama.

2/ Bari in fara daga gida, tunda ni ɗan cikin birnin Zariya ne. Tun kafin a san ABU, mutane ke yin takakkiya daga garuruwa masu nisa su zo karatu a zaurukan Unguwar Juma, Kona da Kakaki. Ba fasfo, ba biza. Amma kar ku ɗauka ba tantancewa.

3/ Baƙo yakan sauka ne a hannun wani: malami ko mai masauki. Za a tambaye shi daga ina, wajen wa ya yi karatu, a wane littafi ya tsaya. Ka ce ka sauke Ishmawi? Bismillah, buɗe, ja baƙi mu ji. A layi biyu an gane ka. In kuma ka yi ɓarna a unguwa, wanda ya sauke ka mai unguwa zai fara nema. Ku riƙe wannan, shi ne ƙashin bayan zaren: wanda ya tsaya maka shi ke ɗaukar laifinka.

4/ Zamanin Turawa ma haka ne, mai tsayawar ne ya canja. A 1945 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi sashen koyon malanta na Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Hukuma ce ta zaɓe su, ita ta biya, ita ta san ranar dawowa. Ba wanda ya zaunar da su yana tambaya ko da gaske karatu ya kawo su.

5/ Abubuwa biyu suka sauya lissafi. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta sa ɗaliban waje su riƙa biyan cikakken kuɗin makaranta. Daga nan ɗalibi baƙo ya zama hanyar samun kuɗi. Sai a 1986 Birtaniya ta sanar da wajabta biza ga 'yan Najeriya, Ghana, Indiya, Pakistan da Bangladesh. Wato jami'a na son ka shigo, ma'aikatar cikin gida na zarginka.

6/ A 2009 aka kawo tsarin maki. A nan ne aka ɗora wa jami'a kayan: sai ta karɓi lasisi na tsaya wa baƙi, sannan ta ba kowane ɗalibi wata lamba, CAS, wadda ke nufin "na sani, nawa ne". Ba CAS, ba biza. Kun ga mai masaukin nan na lamba 3? Ya dawo, sanye da kwat.

7/ Da farko wasu sun ɗauka wasa ne. A watan Agusta 2012 aka ƙwace lasisin Jami'ar London Metropolitan. Hukuma ta ce jami'ar ba ta bin diddigin halartar aji yadda ya kamata, kuma cikin takardun da aka duba an samu waɗanda ba su da izinin zama. Ɗalibai sama da 2,000 suka wayi gari a tsaka mai wuya, har da waɗanda ba su ci ba su sha ba. An mayar da lasisin a 2013, amma sauran jami'o'i sun riga sun shafa wa gemunsu ruwa.

8/ A shekarun nan ne kuma jami'an biza suka fara intabiyun gane ɗalibin gaskiya. Sai 2014 ta zo da tonon silili: shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ake zauna wa mutane jarrabawar Turanci ta TOEIC. Aka soke bizar dubban mutane. Daga baya da yawa suka je kotu suka yi nasara, domin hujjar da aka kama su da ita ba ta da ƙwari. Amma shekarunsu sun tafi.

9/ Yanzu ga ainihin abin da ke sa jami'a ta tsare ka. Duk shekara ana auna ta da ma'auni uku. Daga 2014, bizar da aka hana ɗalibanta kar ta kai kashi 10 cikin 100. Waɗanda suka samu, aƙalla kashi 90 su yi rajista, kashi 85 su kammala. Ta faɗi, lasisinta na cikin haɗari.

10/ A watan Mayu 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa ta tsaurara kowanne da maki biyar. Ku lissafa: jami'ar da ta ba da CAS 1,000, a dā sai an hana 100 take shiga uku, a sabon lissafi 50 ne. Don haka ta gwammace ta kayar da kai da hannunta, tunda wanda ba ta ba CAS ba ba ya shiga ƙidaya.

11/ Me take dubawa? Kusan abin da malamin zaure ke dubawa. Ka san darussan da ke cikin kwas ɗin? Akwai alaƙa tsakaninsa da digirinka na farko? Shekarun da ka yi a gida bayan bautar ƙasa, me ka yi da su? Kuɗin guzuri sun kwana 28 a jere a asusu, ko jiya wani kawu ya zuba? Wanda ejan ya rubuta wa takardar bayani bai ko karanta ba, a tambaya ta biyu yake sarƙewa.

12/ A taƙaice sauran ƙasashe: Amurka na da rumbun SEVIS tun 2003, bayan harin 11 ga Satumba, kuma dokarta na ɗaukar ka mai niyyar zama har sai ka nuna akasin haka. Kanada, bayan badaƙalar takardun gurbi na jabu, ta sa makarantu tabbatar da kowace takarda daga Disamba 2023.

13/ Gaskiya mu ma muna cikin labarin. A 2022 iyalan da suka bi ɗaliban Najeriya zuwa Birtaniya, wajen 60,000, sun ɗan haura adadin ɗaliban kansu. Daga Janairu 2024 aka hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyali. Ban ga laifin mai son tafiya da matarsa ba. Amma a idon hukuma, alkaluman nan hujja ce.

14/ Inda tsarin ya fi ba ni haushi shi ne nan. A 2024, bayan naira ta zube daga kusan 460 a dala zuwa sama da 1,500, wasu 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biyan kuɗi a kan lokaci. Aka rufe musu karatu, aka kai sunansu ma'aikatar cikin gida, aka ce su bar ƙasa. Jami'ar ta ce ƙa'idar lasisi ce ta ɗaure ta. Mutanen nan sun ci intabiyu, suna zuwa aji, wasu saura ƙiris su gama. Niyyarsu ba ta canja ba, canjin kuɗi ne ya canja. Sai da suka fita da kwalaye, BBC ta ɗauka, sannan aka fara mayar da wasunsu aji.