Gandu da Gayauna a Cikin Manhaja

A farkon shekarun 1960, a Cibiyar Lissafi ta Norway da ke birnin Oslo, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl sun duƙufa neman yadda kwamfuta za ta kwaikwayi harkokin yau da kullum, irin su layin jama'a ko jiragen ruwa masu jiran shiga tasha. Jiragen duk tsarinsu ɗaya, amma kowanne da kayansa da lokacin isowarsa. A harshen Simula 67 suka warware matsalar: a rubuta siffar abu sau ɗaya, a kira ta aji, sannan a yi ta fitar da ɗaiɗaiku daga cikinta, kowanne da ma'ajiyar bayanansa. Wannan aiki ne ya kai su ga lambar yabo ta Turing ta 2001, shekara ɗaya kafin rasuwarsu su biyun.

Sai dai akwai bayanin da ba na jirgi ɗaya ba ne. Jirage nawa suka shigo yau? A ina za a ajiye wannan adadi?

A kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka gina harshen Smalltalk. A sigarsa ta 1980, aji yana da ma'ajiyarsa ta kansa wadda duk 'ya'yansa ke gani, har aka sa ƙa'idar cewa sunanta ya fara da babban baƙi don kada a ruɗe. Bjarne Stroustrup, wanda ya yi amfani da Simula lokacin digirinsa na uku a Cambridge, ya fara aikin da ya zama C++ a 1979, inda kalmar static ke nuna abin da aji ya mallaka. Java ta gaji kalmar a 1995.

Manomin Kurfi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Akwai gandu, gonar gida da kowa ke nomawa kuma kowa ke ci daga rumbunta. Akwai kuma gayauna, wadda amfaninta na mai ita ne shi kaɗai. Wanda ya ɗebi hatsin gandu ya rage wa gida duka.

Inda abin ya fi kama masu koyo shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a Holan a 1991. A harshen babu wata kalma ta musamman da ke raba gandu da gayauna, wato ma'ajiyar aji da ta ɗaiɗaiku. Wurin da aka rubuta layi shi ke yanke hukunci. A ɗauki mai karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, yana gwada ƙaramar manhajar rajista. Sunan jami'a ya dace ya zauna a aji, tunda ɗaya ne ga kowa. Lambar rajista kuwa ta kowane ɗalibi ce. Amma idan ya rubuta jerin kwasa-kwasai kai tsaye a jikin ajin, to jeri ɗaya tak ya ƙirƙira. Ɗalibi na farko ya ƙara lissafi, sai lissafin ya bayyana a takardar na biyu da na ɗari. Manhajar ba za ta tsaya ba, ba kuma za ta yi gargaɗi ba, shi ya sa kuskuren kan daɗe ba a gano shi ba.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, in an sauya wa ɗalibi ɗaya sunan jami'a, Python sai ya buɗe masa ma'ajiya tasa daban, na sauran bai motsa ba. Mai koyo ya ga haka ya saki jiki, alhali ƙari a cikin jeri ba ya bin wannan hanya.

Malamin da ya tsallake wannan darasi da sauri ya tauye ɗalibansa. Gyaran kansa layi ɗaya ne: a mayar da jerin cikin __init__, sashen da ke shirya kowane sabon ɗalibi, a haɗa shi da self, wato ɗalibin kansa, ta yadda duk sabon ɗalibi zai samu nasa jerin tun daga lokacin da aka ƙirƙire shi.