Giwa

GIWA (suna, jinsin mace, jam'i: giwaye, namiji: toron giwa). Dabba ce wadda, cikin dukan halittun da Allah Maɗaukaki ya zaunar a doron ƙasa, babu wadda ta kai ta girma, domin ƙasaitaccen toro yakan kai kilo 6,000, ɗanta kuwa, bayan wata 22 a ciki, yakan faɗo da nauyin da ya zarce na magidanci. Da hannunta, wato dogon hancin nan, take tsinko ganye, ta zuƙo ruwa ta zuba a baki. Alƙur'ani ya ambace ta cikin Suratul Fili, har yau kuma akwai ragowarta a dajin Yankari, ko da yake mafarauta masu kwaɗayin haure, abin takaici, sun rage ta ƙwarai.