Tsiron al'aura na ƙwayar cutar HPV

Tsiron al'aura ƙananan ƙuraje ne masu laushi da ke fitowa a al'aura ko kewayen dubura, ɗaiɗai ko a cure. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa su, kuma ana ɗaukarta ta hanyar haɗuwar fata yayin jima'i. Ƙwayar tana da ire-ire fiye da 200. Nau'i na 6 da na 11 ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na wannan tsiro, yayin da nau'i na 16 da na 18 ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa.

Masu tsiron sukan shiga fargaba, da kunya, da zargin abokin zama. Sai dai nau'o'in da ke kawo tsiron ba kasafai suke jawo sankara ba. Tsiron kan bayyana makonni ko watanni bayan kamuwa, don haka fitowarsa ba ta nuna lokacin da aka ɗauki ƙwayar. A mafi yawan mutane, garkuwar jiki tana kawar da ita cikin shekara 2.

Ana cire tsiron da maganin shafawa, ko daskararwa, ko ƙaramar tiyata, amma yakan iya dawowa. Kwaroron roba yana rage haɗarin kamuwa, kodayake ba ya kawar da shi gaba ɗaya. A 2006 aka amince da rigakafin HPV mai suna Gardasil a Amurka. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV ranar 24 ga Oktoba, 2023.