Yadda Ake Zurfafa Ilimin Warkarwa da Taɓa Jiki a Timia da Sauran Wurare

Warkarwa da taɓa jiki ita ce hanyar da mai magani ke ɗora hannu a jikin majiyyaci domin ya gano ciwo ko ya sauƙaƙa shi. Tsohuwar hanya ce, kuma kusan kowace al'umma tana da irin tata. A ƙasar Hausa akwai maɗori mai gyara karaya, akwai ungozoma mai shafa cikin mai juna biyu, akwai kuma malamin da ke yin tofi a hannu ya shafa wa mara lafiya. Wannan bayani ya fi karkata ga ƙasar Abzin, musamman Timia da ƙauyukan da ke kewaye da ita, domin a ga yadda mai koyo ke tashi daga ƴar aike har ta kai matsayin wadda ake sallama wa majiyyaci. Daga baya za a kwatanta da wata hanya ta ƙasar Japan mai suna Reiki, wadda ake tallata darussanta a intanet.

Timia da masu maganinta

Timia gari ne na lambuna a tsakiyar duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. Mazaunanta Abzinawa ne na Kel Ewey, kuma an san ta da lemo da rumman da dabino. Tun kaka da kakanni mazan garin kan bi ayarin raƙuma zuwa Bilma su ɗauko gishiri, sannan su gangara kudu ƙasar Hausa su sayo gero. Tafiyar takan ci watanni. Mata ne ke zama da yara da tsofaffi da awaki, don haka ba abin mamaki ba ne da ilimin maganin gida ya zauna a hannunsu.

Masu magani a yankin iri-iri ne. Akwai malamai, waɗanda ake kira ineslemen, masu rubutun sha da laya. Akwai bokaye. Akwai masu kiɗan tende da ake yi wa wadda ake ganin iska ta taɓa ta. Sannan akwai mata masu maganin itatuwa, waɗanda ake kira tinesmegelen, daga kalmar amagal, wato magani. Wata mai binciken al'adu ƴar Amurka, Susan Rasmussen, ta daɗe tana zama da Kel Ewey na kusa da dutsen Bagzan, kuma a shekarar 2006 ta fitar da littafi a kan waɗannan mata. Ma'anar sunan littafin ita ce "masu taɓawa", domin da hannu suke fara binciken ciwo.

Gado ne, amma gado kaɗai ba ya isa

Sana'ar tana bin tsatson uwa. Yarinya tana koyo wurin mahaifiyarta, ko kakarta, ko innarta. Ana ba da labari a yankin cewa asalin sana'ar daga wata mata ce mai suna Tagurmat, wadda mijinta ya kashe saboda kishi, aka fitar da tagwaye mata daga cikinta, su ne suka zama masu magani na farko. Ko yaya mai karatu ya ɗauki wannan labari, yana nuna yadda mutanen ke kallon abin: amana ce da ke wucewa daga mace zuwa ƴarta.

Ba makaranta, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Farkon koyo shi ne bin babba zuwa daji da kan dutse. Dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, ita ce mafi tsawo a Nijar, ya shahara da tsirran magani. A irin wannan tafiya yarinya ke sanin aduwa da bagaruwa da magarya da jiga, da wanda ake ɗiban ganyensa, da wanda ake ɗiban sassaƙensa, da lokacin da ya dace a ɗiba. Ana farawa da Bismillah, ana kuma haɗawa da sadaka. A gida ita ce mai shanya, ita ce mai daka. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma a nan ne mara haƙuri ke ja da baya.

A wannan mataki ne kuma ake sanin cewa magani yana da kaifi biyu. Ruwan tumfafiya idan ya shiga ido yana iya lahanta shi. Filasko yana wanke ciki, amma idan ya yi yawa sai ya jawo gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, wadda ke da haɗari ƙwarai ga yaro. Wadda ta san sunan itace amma ba ta san awonsa ba, ba ta gama matakin farko ba tukuna.

Ilimin hannu

Zurfin sana'ar yana cikin taɓawa. Mai magani tana ɗora hannu a cikin majiyyaci, tana latsawa a hankali, tana yi masa tambayoyi a kan abin da ya ci da inda ya kwana da abin da ke damun ransa. Ciki yana da babban matsayi a wurin Abzinawa. Kalmar tedis tana nufin ciki, tana kuma nufin dangin uwa, kamar yadda Bahaushe ke cewa "cikinmu ɗaya". Daga nan takan rarraba ciwo gida biyu: na zafi, wato tuksi, da na sanyi, wato tesmut. Ciwon zafi ana ba shi abin da zai sanyaya shi, na sanyi kuma abin da zai ɗumama shi. Hausawa ma sun san wannan rabo.

Ba a koyon wannan da baki. Mai koyo takan yi shekaru tana zaune gefen malamarta, tana kallo, tana miƙa ƙwarya, tana sauraro. Ko ta iya, ba ta cika buɗe nata aikin ba tun tana da ƙuruciya. Galibi sai ta manyanta, ta gama haihuwa, ƴaƴanta sun girma, sannan jama'a ke karɓar ta a matsayin mai magani cikakkiya. Akwai hikima a wannan jinkiri. Mata suna kawo mata maganar rashin haihuwa da ta saɓanin aure, abubuwan da ba a faɗa wa yarinya. Riƙe sirri yana cikin abin da ake auna ta da shi.

Abu na ƙarshe da gwana ke ƙwarewa a kai shi ne sanin iyakarta. Idan ta ga ciwon na malamai ne, sai ta tura can. Idan ta ga na asibiti ne, sai ta ce a tafi. A ganina wannan shi ne mataki mafi girma, kuma shi ne ya kamata a fi dubawa kafin a yarda da kowane mai magani.

Yadda ake koyar da Reiki

Reiki ta samo asali daga wani mutumin Japan mai suna Mikao Usui, wanda ya fara koyar da ita a birnin Tokiyo a shekarar 1922, ya rasu a 1926. Masu bin ta sun yi imani cewa akwai wani ƙarfin rai na ɓoye da ke ratsa hannun mai aikin ya shiga jikin majiyyaci. Wata mata mai suna Hawayo Takata ce ta kai ta tsibirin Hawayi na Amurka a shekarun 1930, daga nan ta bazu a duniya.

Koyonta hawa uku ne. A hawa na farko ana koya wa ɗalibi inda zai ɗora hannu a jikinsa da jikin wani. A na biyu ana ba shi wasu alamomi da kalmomi, ana kuma cewa zai iya aika waraka ga wanda ke nesa. Hawa na uku shi ne na malanta, wanda ke ba mutum izinin koyar da wasu. A kowane hawa malami yana yi wa ɗalibi wani ɗan biki da suke cewa yana buɗe masa hanyar wannan ƙarfi. Takata ta yaye malamai 22 kafin rasuwarta a 1980, kuma takan karɓi dala 10,000 a kan hawa na uku. Yanzu kuwa akwai masu ba da takardar shaidar malanta bayan darasin kwanaki kaɗan, wani lokaci ma ta intanet, ba tare da ɗalibi ya taɓa ganin majiyyaci a gaban malaminsa ba.

Har yau binciken kimiyya bai tabbatar da samuwar wannan ƙarfi ba, bai kuma nuna cewa Reiki tana warkar da wata cuta ba. A Amurka wata yarinya ƴar shekara 9, Emily Rosa, ta gwada masu wata hanya mai kama da ita su 21. Sun zura hannayensu ta cikin shamaki yadda ba sa ganin ta, ita kuma ta riƙa ɗaga hannunta a saman ɗaya daga ciki, tana tambayar su wanne ne. Sun faɗi daidai sau 44 cikin 100, abin da bai kai ma na mai cinta kawai ba. An buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1998. Wasu majiyyata sukan ji natsuwa idan an ɗora musu hannu cikin kulawa, kuma natsuwa ba abin rainawa ba ce. Sai dai takardar shaidar Reiki ba takardar likita ba ce, kuma duk wanda aka nemi kuɗinsa da alkawarin zai zama mai warkarwa cikin mako guda, to ya riƙe kuɗinsa.

Abin da hannu ke iyawa da wanda ba ya iyawa

Gogaggen hannu yana jin zafin jiki, yana jin kumburi, yana gane cikin da ya yi tauri, yana ma iya gane yadda jariri ya kwanta a ciki. Likitoci da kansu suna koyon latsa ciki. Amma ko hannun da ya yi shekara 40 yana aiki ba ya ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini. Gwajin ɗigon jini a cibiyar kiwon lafiya yana nuna ta cikin kimanin minti 20.

Saboda haka akwai alamomin da ba a jira da su. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, ko wanda gudawa ta sa idanunsa suka faɗa, ko wanda kunama ta harba, a garzaya da shi asibiti nan take. Haka mai ciki da ke zubar da jini, ko wadda naƙuda ta wuce awa 12. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya yana iya zama sanƙarau. Tarin da ya wuce mako 2 yana buƙatar gwajin majina. Ciki kuma idan ya yi tauri kamar katako yana ciwo mai tsanani, kada a matsa shi, kada a ba da maganin wanke ciki.

Mai koyon sana'ar da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci tana da damar da kakarta ba ta samu ba. Tana iya buɗe littafi ta riƙa rubuta sunan itace, da awon da aka bayar, da ranar, da abin da ya biyo baya, ko da boko ko da tifinagh. Idan kuma za a kai majiyyaci cibiyar kiwon lafiya, a ɗauki ragowar maganin da ya sha a tafi da shi, a gaya wa ma'aikacin lafiya sunansa da yawansa da lokacin da aka ba shi.