Hurumin da Ganuwa Ta Kewaye: Dukawuya da Tsuntsayen Dutse

Sarakunan da suka gina ganuwar Kano, tun daga Gijimasu wanda ya aza harsashinta har zuwa Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki (1618–1623) waɗanda suka faɗaɗa ta, ba gidaje kaɗai suka nufi kewayewa ba, domin sun san cewa birnin da abokan gaba suka yi wa ƙawanya, in babu gona da makiyaya a cikinsa, yunwa za ta ci shi kafin takobi. Saboda haka ne sashen yamma, daga Ƙofar Dukawuya zuwa Kabuga har gindin Goron Dutse, ya daɗe yana fili, gonaki da saura da kududdufai. Matafiyin nan Bature Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, wani matafiyin kuma, Barth, ya tarar da filayen nan a 1851.

Irin wannan ƙasa, mai ciyawa da ƙaya da duwatsu, ita ce mazaunin tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa: makwarwa a gefen gonaki, da salwa wadda Alƙur'ani ya ambata tare da mannu cikin ƙissar Bani Isra'ila, da kazar dutse, wadda ita ce abar da ta fi damuna. 'Yar ƙaramar tsuntsuwa ce mai launin ƙasa, tana ɗaga wutsiya sama kamar kazar gida, tana yawo cikin 'yan'uwanta tsakanin faffaɗan duwatsu, tana tsintar ƙwayar ciyawa da ƙananan ƙwari. Idan ta firgita, gudu ta fi so a kan tashi, kuma da asuba da almuru sai garken ya ɗauki kuka gaba ɗaya, wannan na amsa wa wancan. A ƙasa take yin ƙwai, a gindin dutse ko cikin ciyawa, kuma nan ne rauninta yake, gama wutar daji guda tana iya cinye zuriyar shekara. Abin al'ajabi, malaman halittu da suka binciki jininta sun tabbatar cewa danginta na kusa salwar Amurka ne, ciki har da wadda ke zaune a duwatsun Kalifoniya, alhali kuwa ita tana nan daga Senegal har Habasha.

Shari'a ta san hima, wato filin da aka keɓe, tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, kuma Bahaushe ya san hurumi. A ganina filin da ke bayan Dukawuya hurumi ne da tsoron yaƙi ya tsare, ko da yake ba don tsuntsu aka tsare shi ba. Mafarauci da bakansa da karnukansa, da yaron da ke ɗana tarko a bakin gona, sun ɗauki rabonsu shekaru aru-aru, amma sun bar ciyawa da dutse, tsuntsu kuwa ya ci gaba da hayayyafa. Da Nasara suka ci Kano a 1903, aka daina bukatar ganuwa, sai filin ya rasa mai tsaronsa. Aka yanka filaye, aka cike kududdufai, aka ɗebi ƙasar ganuwa aka yi tubali, har gine-gine suka haura ƙirjin Goron Dutse.

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta fi mayar da hankali ne a kan wanda ke riƙe da makami, amma mai fasa dutse da mai cinna wa daji wuta sun fi shi ɓarna. Wanda ke son jin kukan kazar dutse a yau, sai ya nufi kudancin Kano, wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, inda har yanzu akwai dutsen da ba a farfasa ba.