Shekarun Gida Mai Lamba 10

Duk wanda ya ga hoton gidan Firayim Ministan Ingila, watau gida mai lamba 10 a Titin Downing cikin birnin Landan, zai ga baƙar ƙofa da baƙin bango, ya zaci gida ɗaya ne da aka gina a lokaci ɗaya. Amma in aka ce, shekarun wannan gida nawa, to, amsar ba guda ba ce. Takardu sun ba da rabinta, sauran rabin kuwa sai da magina suka buɗe cikin gidan tsakanin 1960 da 1963.

Bari mu fara da abin da takardu suka ce. Wani ma'aikacin gwamnati mai son abin duniya, Sir George Downing, shi ya gina jerin gidaje a wannan titi tsakanin 1682 da 1684, don neman riba. A bayansu akwai wani babban gida da ya girme su, inda wata 'yar Sarki Charles na Biyu ta zauna tun wajen 1677. A 1732 Sarki Joji na Biyu ya yi wa Sir Robert Walpole kyautar wurin. Walpole ya ce ba zai karɓa don kansa ba, sai dai ya zama mazaunin duk wanda ya gaje shi a muƙamin shugaban baitulmali. Sa'an nan wani gwanin tsara gini, William Kent, ya haɗe gidan gaba da na baya suka zama ɗaya, Walpole ya tare a 1735. Daga 1766 aka sake fuskar gidan, wajen 1826 kuma aka ƙara babban ɗakin cin abinci.

Kwanci tashi gida ya tsufa. Bango ya tsage, daɓen bene ya lotsa, har aka ƙayyade yawan mutanen da za su hau sama a lokaci guda. A 1958 Firayim Minista Harold Macmillan ya naɗa kwamiti ya duba lamarin. Da an bi sauƙi, da an rushe an yi sabo. Amma aka yanke shawara a sake gina abin da ya lalace, a tsare abin da ke da tarihi. Aka danƙa aikin a hannun Raymond Erith, shi kuwa Macmillan ya ƙaura wani gida kusa har a gama.

To, gani ya kori ji. Da aka tona ƙarƙashin bango sai aka tarar manyan gungumen da ke ɗauke da ginin sun ruɓe. Wurin dausayi ne kusa da Kogin Thames, Downing kuwa bai zurfafa harsashi ba, don ya rage kashe kuɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya ke wannan ya yi kusan shekara 280 kafin a kai ƙarshensa. Da aka wanke tubalan waje kuma sai ga su rawaya. Ashe baƙin nan hayaƙin kwal ne na birnin ya rina su. Har wa yau, a tsohon ofishin baitulmali da ke maƙwabtaka, wanda aka gyara a lokacin, an tarar da bangayen fadar Sarki Henry na Takwas, na wajen 1530, a ɓoye bayan gini na baya.

Yaya masana su ke gane wane bango ya girmi wane? Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Abin da ke ƙasa ya riga wanda ke bisansa. Bangon da aka jingina da wani, tubalansu ba su shiga juna ba, shi ne ƙane. Ƙofar da aka toshe tana nuna yadda a ke shiga da fita a da. Ƙusar maƙeri dabam ta ke da ta inji. A yau har a kan ƙidaya zoben da ke cikin katako, a gwada shi da na itatuwan da aka san shekarunsu, a gane shekarar da aka sare shi. Bayan haka sai a auna duk wannan da takardun biyan magina. In biyun suka dace, magana ta tabbata.

Aikin ya ci kuɗi fiye da yadda aka ƙiyasta nesa ba kusa ba. An zuba sabon harsashi na kankare, fiye da rabin kayan ginin kuma sababbi ne. Tubalan nan rawaya aka shafa musu baƙin fenti, domin haka mutane suka saba ganinsu. Saboda haka gidan na 1684 ne, na 1735 ne, kuma na 1963 ne, gwargwadon ɗakin da mutum ya tsaya.

Abin lura a nan shi ne, ba a ganin cikin bango sai ranar gyara. Wanda ke gyaran tsohon gida, ya kamata ya auna, ya zana, ya rubuta abin da ya gani kafin ya mayar da yaɓe. In ya rufe bai rubuta ba, na baya za su jira wani gyaran, wanda watakila ba zai zo a zamaninsu ba.