Haddin Kilobait 640 a Tsarin MS-DOS

Haddin kilobait 640 shi ne iyakar ƙwaƙwalwar da manhajoji ke iya amfana da ita kai tsaye a tsarin MS-DOS, asalinsa kuwa kwamfutar IBM ta 1981, wadda na'urarta Intel 8088 ba ta riskar fiye da megabait ɗaya, aka kuma keɓe kilobait 384 daga ciki domin hidimar allo da umarnin tayar da na'ura. Da ƙuncin ya tsananta, sai Windows 3.0 ta zo a 1990 da hikimar aron sashen faifai ya wakilci ƙwaƙwalwa, ko da yake da jinkiri mai yawa, dabarar da masanan Jami'ar Manchester ta Ingila suka tabbatar a kwamfutar Atlas tun 1962.